Masu haɗa guzuri a Bauchi: wane kaya ne zai kai malami teburin abokan aiki, wanne zai ƙare a hannun kwastan

A Bauchi akwai wata sana'a da ba ta da allo a bakin titi, amma duk wanda ya taɓa shirya ɗan'uwansa tafiya ya san da ita. Mata ne galibi, a cikin gidajensu, daga unguwar Jahun zuwa Yelwa har Fadaman Mada. Za ka tura musu jerin abin da kake so ta WhatsApp, ka ba da kafin alƙalami, su shiga kasuwannin Muda Lawal da Wunti su yi sayayya, su tsince, su wanke, su shanya, su daka, su soya, su liƙe a leda. Bayan mako ɗaya ko biyu su kira ka ka zo ka ɗauka. Alhazai da ɗalibai ne manyan kwastomominsu, amma malamai ma sun shigo layi. Akwai waɗanda shirin TAC na tura ƙwararrun Najeriya aikin taimako, wanda aka kafa a 1987 zamanin Babangida, ke turawa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Akwai masu zuwa Amurka koyar da Hausa na shekarar karatu guda a ƙarƙashin shirin musayar ilimi na Fulbright. Tun watan Fabrairun 2023 kuma Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman shaidar koyarwa ta can. Da wuya ka zauna da malaman ATBU ko na Tatari Ali ko na Kwalejin Aminu Saleh ta Azare ba ka ji an ambaci wanda ya tafi ko yake shirin tafiya ba.

Hukuncinmu a kan aikin matan nan kashi biyu ne. Wajen kayan tukunyar malami shi kaɗai, wato kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, garin kunu, ba su da na biyu, kuma ba za mu ɓata lokaci a kai ba. A saya, sun fi abin da za ka haɗa da kanka ana gobe tafiya. Inda ake buƙatar kama hannunsu shi ne kayan rabo, abin da malami zai ajiye a gaban abokan aikinsa. A nan Hajiya mai haɗa kayan da harshen Bauchi take auna komai, alhali bakin da zai ci da dokar da za ta tare kayan duk na wata ƙasa ne.

Wani zai ce me ya yi zafi a kan tsaraba. Malamin da ya sauka a baƙuwar makaranta ba aji ke ba shi wuya ba, allo ɗaya ne ko'ina. Abin da ke cinsa shi ne ɗan hutun nan na shayi, kowa na hira da kowa, shi yana danna waya. A Ingila da Amurka zumuncin ma'aikata yakan koma mashaya ranar Juma'a da yamma, wurin da malaminmu ba zai sake ba ko da lemo zai sha. Idan ya rasa wancan zama, kuma bai kama na shayi ba, sai ya shekara ana gaisuwar nesa da shi. A wannan teburin kuwa ake jin abin da ba a rubuta a takardar kama aiki ba: wa ake roƙo ya gyara maka jadawalin darasi, wane mai gidan haya ne ba ya mayar da kuɗin ajiya, wace mota ce ke zuwa kasuwa mai arha, wa zai riƙe maka aji ranar Idi. Faranti ɗaya na abin taɓawa yakan buɗe wannan ƙofa fiye da gaisuwar wata uku.

Zoɓo ne sarkin kayan

Da za a ce a zaɓi abu ɗaya tak a cikin jerin, zoɓo za mu zaɓa. Ba nama ba ne, ba madara ba ce, busasshe ne, ba ya nauyi, kuma yakan haura shekara bai canza ba muddin danshi bai taɓa shi ba. Giram 25 zuwa 30 na yin lita guda mai kauri, ke nan kilo ɗaya ya ba ka abin da ya haura lita talatin. Kilo biyu zai riƙe malami tsawon kwantiraginsa idan lita uku yake kaiwa sau ɗaya a wata. Wani daɗin kuma, kusan duk inda aka je an san shi da wani suna, sai hira ta ɓalle da kanta. A Gambiya wonjo suke ce masa, a Senegal bisap, a Masar da Sudan karkade, a Jamaika kuwa sorel ne, abin shan Kirsimeti. Abokin aikin da ya ɗaga kofi ya ce ai mu ma muna da wannan, ya riga ya zama naka.

Aikin masu haɗawar a nan ya bambanta ƙwarai. Mai kyau za ka tarar ta tsince kara da ƙwallo, ta kaɗe yashi, ta sake shanyawa. Gwajin ba wuya: damƙi cikin hannu guda ka matse. Idan ya yi ƙara ya kakkarye, ya bushe. Idan ya lanƙwashe kamar fata ya dawo, da sauran ruwa a jikinsa, kuma cikin leda zai yi fumfuna. Sannan ka zazzage kaɗan a farar takarda ka ga yawan ƙasar da ta faɗo. Baƙin zoɓo mai duhu ya fi ba da kala, jan kuwa ya fi tsami. Kuskuren da suka fi yi shi ne haɗa zoɓon da citta da kanumfari da masoro a leda ɗaya wai don sauƙi. Kada ka yarda. Yawan cittar da muke sha a nan ya fi ƙarfin maƙogwaron Bature, zai kurɓa sau ɗaya ya ajiye yana murmushin kara. A raba kowanne daban. A karon farko rabin cittar da ka saba da rabin sukarin sun isa, a ajiye ƙarin sukari a gefe. A kuma faɗa wa masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini abin da ke cikin kofin, domin zoɓo yana ɗan sauke jini.

Kayan shayi na biye da zoɓo: citta, kimba, kanumfari, girfa, na'a-na'a. Giram 500 ya wadatar, kuma a ce musu su barza kawai, kada su mayar gari, don gari yana saurin sakin ƙamshi kuma shi ne ke jawo bincike a filin jirgi. Amma a duba inda za a. Wanda aka tura Zanzibar bai da dalilin ɗaukar kanumfari daga Muda Lawal, a can da tsibirin Pemba ake noma shi. Mai zuwa Gambiya zai tarar da ataya, shayin nan na ƙaramar buta da ake sha zagaye uku, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi, irin wanda Buzaye ke dafawa a bakin shaguna a nan gida. A can abin da ake so daga baƙo shi ne ya zauna har zagaye na uku, wata rana kuma ya sayo ganye da sukari. In yana jin Fulatanci ya ƙara samun ƙafa, kalmar jam tana aiki a can kamar yadda take aiki a Gombe.

Kayan soye-soye

Cincin, alkaki, dubulan, nakiya, kantu, dakuwa. A ɗanɗano ba a magana, hannun matan Bauchi a nan ya faɗa. Matsalar ita ce daɗewa. Duk abin da ya shiga mai yana da kwanakinsa. Cincin mai kyau yakan kai mako huɗu zuwa shida kafin ya fara warin tsohon mai, kuma idan da man da aka riga aka yi suya da shi aka soya, ko mako uku ba zai kai ba. Alkaki kan yi zufa a leda, sukarin ya narke ya manne wuri ɗaya, musamman idan an ɗaure shi bai gama hucewa ba. Nakiya ta fi su duka juriya. Saboda haka waɗannan na watan farko ne kawai, kuma kilo biyu na cincin da kilo ɗaya na alkaki sun isa. Masu haɗawar za su so ka ninka, ka ƙi. A roƙe su su yanka cincin ɗin ƙanana kuma kada ya yi tauri irin na biki wanda ake so ya kai wata uku a ɗakin amarya, don wanda bai saba ba zai ji tsoron haƙoransa.

Mai zuwa Habasha ya riƙe wannan: mabiya cocin Otodoks na can ba sa cin nama da madara da ƙwai ranakun Laraba da Juma'a. Cincin kuwa da ƙwai da bota ake kwaɓa shi. Ka kai shi ranar Talata ko Alhamis.

Sai babbar magana, wadda a ganinmu ita ce raunin wannan sana'a gaba ɗaya: gyaɗa. A nan gida ba mu ɗauke ta komai ba, tana cikin yaji, tana cikin kilishi, tana cikin dakuwa, da man gyaɗa ake soya rabin abin da ke cikin jakar. A Turai da Amurka akwai mutanen da ƙwaya ɗaya ke kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya tsaya, shi ya sa makarantu da yawa a Ingila suka hana shiga da duk abin da ya haɗa da gyaɗa, har a ɗakin malamai. Gyaɗa da riɗi suna cikin abubuwa 14 da dokar abinci ta Ingila ta wajabta a bayyana, Amurka ma ta saka riɗi a jerin nata tun Janairun 2023. Ke nan kantu ma ya shiga sahu. Hirar da ake yi wajen karɓar kaya kusan kullum iri ɗaya ce.

"Hajiya, wannan yajin da ƙuli a ciki?"

"Haba Malam, yaji ba ƙuli ai barkono ne kawai."

Gaskiyarta ce, amma sai an tambaya ake ji, kuma a jikin ledar ba a rubuta komai ba. Abin yi shi ne tun ranar ba da oda a ce mata kashin rabo da man waken suya ko wani man da ba na gyaɗa ba za a soya, a kasko mai tsabta, kuma ba a turmin da aka daka ƙuli ba. In ba za ta iya ba, to a rubuta gaskiya a jiki. A Gambiya da Yuganda wannan damuwa ba ta kai haka ba, tunda miyar gyaɗa abincin yau da kullum ce a can, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Kilishi da alawar madara

Kilishi shi ne abin da kowa ke fara rubutawa a jeri, kuma shi ne ya fi ƙarewa a kwandon shara na filin jirgi. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su. Wannan ya haɗa da kilishi, dambun nama, man shanu, da kuma abin da mutane ke mantawa: gullisuwa da tuwon madara, waɗanda madara ce jigonsu. Zuma an yarda har kilo 2 ga mutum ɗaya, kifi har kilo 20, dabino ma yana shiga Ingila. Amurka ita ma ba ta karɓar nama daga nan, har dunƙulen miya mai nama a ciki yana iya jawo magana. Dokarsu a fili take: ka bayyana duk abincin da ke jakarka. In ka bayyana aka ga haramtacce, karɓewa kawai za a yi. In ka ɓoye karen bincike ya sansano, tara ce da kan fara daga dala 300, ga sunanka ya shiga kwamfuta a ranarka ta farko. Ɗanyar shinkafa ma ba ta shiga Amurka a jakar fasinja daga Najeriya, saboda wani ƙwaron hatsi da suke tsoro. Mai zuwa Saudiyya kuwa ya bar goro a gida, gargaɗin da ake yi wa alhazai duk shekara ya shafe shi.

Kaɗan ne daga cikin masu haɗa guzurin ke tambayar wace ƙasa za ka kafin su karɓi kuɗi. Wadda ta fara da wannan tambaya, riƙe ta. Wasu ma dabarar ɓoyewa za su koya maka, a naɗe kilishi cikin zani, a tura cikin takalmi. Malamin da biza ɗaya ta kai shi bai kamata ya yi wannan caca ba.

Ga masu zama cikin Afirka lamarin ya fi sauƙi, ko da yake kowace ƙasa da dokarta ta shigar da nama, sai a tambayi waɗanda suka riga ka zuwa. Inda ya halatta, a nemi kilishin da ya sha gashi na biyu, wanda in ka lanƙwasa zai karye, ba mai taushi mai maiƙo ba. Kuma a san cewa kilishi ya fi aiki a tsakanin 'yan gida, 'yan Najeriyar da aka haɗa ku masauki. Da shi ake sasanta rikicin wa ya ƙarar da gas. Sai dai kada daɗin wannan zama ya sa mutum ya shekara biyu bai shiga gidan ɗan ƙasa ko ɗaya ba, abin yana faruwa fiye da yadda ake faɗa.

Ɗauri da liƙi

A nan ne kuɗin aikinsu ke halatta ko ya haramta. Masu injin zuƙe iska sun fi, amma injin ba na komai ba ne. Cincin da dubulan murƙushewa suke yi idan aka zuƙe, su roba mai murfi suke so, a cika ta dam don kada su yi ta karo a hanya. Gefen kilishi da busasshen kifi kan huda ledar, iska ta koma, saboda haka sai an naɗe su a takarda tukuna. Garin kuka da na kuɓewa kan bi iska su shiga bakin liƙin su hana shi kamawa, maganinsa a sa garin a ƙaramar leda sannan a saka a ta injin. Kafin ka biya cikon kuɗi, ɗauki ƙunshi biyu ko uku ka ajiye su kwana ɗaya. Wanda ya saki jiki ya yi laushi, liƙinsa bai kama ba. Ledar da aka liƙe da iska a ciki kuma kumbura take yi a cikin jirgi, wani lokaci ta fashe, sai ka buɗe akwati ka tarar da kuka ta yi wa shaddarka ado.

Daddawa sai leda ninki uku da roba mai murfi, kuma nesa da kayan rabo. Cincin ɗin da ya kwana da daddawa a akwati ɗaya ba wanda zai ci. Haka turaren wuta da humra, ƙamshinsu na ratsa leda ya kama abinci.

Ƙunshi ƙanana sun fi babba: giram 200 zuwa 250 kowanne. Jami'an NDLEA kan buɗe ko su huda ƙunshin gari a filin jirgi, aikinsu ne, tunda a cikin kayan abinci masu safara ke ɓoye ƙwaya. In ƙarami aka huda, asarar kaɗan ce. Wannan ne ma dalilin da ba za ka karɓi saƙon kowa a rufe ba, ko mai haɗawar ce ta ce ka miƙa wa wani kwastomanta a can. Kowane ƙunshi kuma ya zamo leda mai nuna ciki, da takarda a jiki ɗauke da suna da Turanci, abubuwan da ke ciki, da ranar haɗawa. Yawancinsu da alƙalami suke rubuta "kuka" ko "kubewa" su wuce, jami'in kwastan na Landan kuwa bai san kuka ba. Ka buga takardun da kanka a shagon kwamfuta ka kai musu. Ƙara sunan kimiyya yana rage tambaya: zoɓo Hibiscus sabdariffa, kuka Adansonia digitata, daddawar kalwa Parkia biglobosa.

Akwai kuma batun ledar kanta. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Tanzaniya a watan Yunin 2019, kuma a Kigali ana karɓewa a filin jirgi. Baƙar ledar nan da Hajiya ke zuba komai a ciki a ƙarshe, a cire ta. Jakar buhu ko ta yadi ta fi.

Lokacin tafiya ma yana shiga cikin ingancin kaya. Masu zuwa Amurka da Ingila a watan Agusta suke tashi, tsakiyar damina, lokacin da a Bauchi shanya ke kwana uku ba ta bushe ba. Kayan da aka haɗa a hunturu da wanda aka haɗa a Agusta ba ɗaya ba ne ko da hannu ɗaya ya yi su. In ka san da tafiyar tun wuri, sa a haɗa busassun kaya tun Maris ko Afrilu, a bar soye-soye sai kwana uku kafin tashi. Duk wani gari a sa shi a firiza kwana huɗu don kashe ƙwan ƙwari, a bar shi ya huce a rufe kafin a buɗe. A tambaya kuma ko an zuba wa wake ko hatsin fiya-fiya a rumbu. Wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015.

Masa

Ba a rabu da ɗan Bauchi ba a yi maganar masa ba. Ita ce abin da zai fi burge abokan aiki ranar da aka ce kowa ya kawo abincin gidansu, al'adar da ake yi sosai a makarantun Amurka, musamman dab da bikin godiya na Alhamis ta huɗu a Nuwamba da kuma ƙarshen zango. Masu haɗa guzurin na sayar da garin masa da tanda. Garin ba laifi in ba a zuba yis a ciki ba, don yis ɗin kan mutu kafin a buƙace shi. Tandar ƙasa kuwa ɓata kilo ce: ko ta fashe a hanya, ko ta isa lafiya ka tarar murhun gidan na lantarki ne mai shimfiɗaɗɗen gilashi, ba inda za ta zauna. A can za ka samu madadinta. Shagunan Indiyawa na sayar da kasko mai gurabu da suke toya wani abincinsu na shinkafa, a Zanzibar kuma akwai na vitumbua, wadda 'yar'uwar masa ce da aka ƙara wa madarar kwakwa.

Awon da ba ya ba da kunya: rabin kilo na farar shinkafa mai gajeren ƙwaya, a jiƙa sa'a shida zuwa takwas, a markaɗa da rabin kofi na dafaffiya, ƙaramin cokali ɗaya na yis, sukari babban cokali uku, gishiri kaɗan. Zai ba da masa ashirin da biyar zuwa talatin a ƙaramin gurbi. Basmati tana fitowa a bushe, shinkafar da aka turara tun daga kamfani kuwa ba ta yi sam. A zafin Bauchi ƙullu kan tashi cikin 'yan sa'o'i, a kicin mai sanyi sai ya kwana yana kallonka, don haka a ajiye shi kusa da hita ko cikin oben da aka ɗan ɗumama aka kashe. A buɗe taga lokacin suya, na'urar jin hayaƙi ba ta san masa ba. Kuma a kai ta da zuma a gefe ɗaya, miya mara yaji a ɗaya gefen.

Ga malamai mata, lalle ya fi kowace tsaraba haɗa zumunci, zama ɗaya na ƙunshi kan tara matan sashe gaba ɗaya. Amma jan lalle zalla. Baƙin nan da ake haɗawa da dayis yana ƙona fatar wasu har ya bar tabo, kuma masu haɗawar kan saka shi cikin ƙunshin ba tare da an nema ba. A ciro shi.

Kilo da kuɗi

Jirage da yawa daga Abuja kan ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, amma jirgin cikin gida daga Bauchi ko Gombe bai kai haka ba, don haka ko a biya kuɗin ƙari ko a bi mota ta Jos. Akwati kansa na cin kilo uku zuwa huɗu. Abin da ya rage a jaka ɗaya, kimanin kilo 19, mu za mu raba shi 12 na tukunya, 7 na rabo: zoɓo 2, cincin 2, alkaki ko nakiya 1, dabino 1, kayan shayi rabi, sauran rabin soyayyiyar aya. Ɗanyar aya iri ce mai tsira, tana iya jawo tsaiko. Matan nan da mudu da gwangwani suke awo, jirgi kuwa da sikeli, saboda haka je da naka sikelin ranar karɓa. Ka nemi a rubuta maka kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, kuɗin leda da roba daban. Masu gaskiya ba sa jin haushin wannan. Ladan aikin nasu, in aka dubi tsinta da daka da suya na kwanaki, bai yi yawa ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne kayan da aka saya aka kuma ƙwace.

Bayan an isa, kada a kwashi komai a jibge ranar farko, sai ka zama kamar mai talla. Makon farko na kallo ne: wa ke kula da butar shayi, ana karo-karon kuɗin madara da sukari ne, kowa da kofinsa ne ko na kowa da kowa. A Ingila in ka tashi haɗa shayi ana sa ran ka tambayi na kusa da kai ko suna so, kuma ɗaukar kofin wani laifi ne da ba za a faɗa maka ba amma za a riƙe. A Gambiya in an kira ka kwano ɗaya ka sa hannu ko loma biyu ce. A Yuganda shayin hantsi mai madara da citta, da mandazi ko capati, shi ne majalisar. Ka biya kuɗin karo-karo kafin a tambaye ka, ka tambayi sakatariya ko akwai wanda wani abinci irin gyaɗa ke yi wa illa, sannan a mako na biyu ko na uku ka ajiye faranti ɗaya da 'yar takarda mai sunanka da abin da ke ciki. In an ba ka nasu, tambayi abin da ke ciki cikin fara'a, ka ci wanda ya halatta gare ka a gabansu.

Azumi zai ɗauke ka daga teburin wata guda, don haka ka sanar da su tun kafin ya kama, kada su ɗauka fushi kake. Dabinon nan kilo ɗaya kada a taɓa shi sai ranar farko da aka koma aiki bayan Sallah, a haɗa da zoɓo lita uku mai sanyi da kofuna ashirin.